Matambayi Ba Ya Ɓata: Jiragen Rakiya 50 Cikin Wata 20

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ina aikin walda a wani wurin gyaran ƙananan jiragen ruwa a kudancin Jidda. Na ga wani bidiyo a YouTube ana cewa a Yaƙin Duniya na Biyu kamfani guda ya ƙera jiragen ruwa masu dakon jiragen sama har 50 cikin ƙasa da shekara biyu. Mu nan jirgi ɗaya sai ya share watanni a hannunmu, gyara kawai. Abokan aikina sun ce shaci-faɗi ne irin na 'yan intanet. Gaskiya ne? In gaskiya ne, wane irin jirgi ne haka?
Daga ɗanka mai walda, Karantina, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Gaya wa abokan aikinka wannan karon 'yan intanet ba su ƙara gishiri ba. Jirage 50 ne, zane ɗaya, daga wurin ƙira ɗaya a garin Vancouver na jihar Washington, bakin kogin Columbia a Amurka, ba Vancouver ta Kanada ba. An kafa ƙashin bayan na farko, mai suna Casablanca, ranar 3 ga Nuwamba, 1942. An miƙa shi ga sojan ruwa ranar 8 ga Yuli, 1943, autansu Munda kuma ranar 8 ga Yuli, 1944. Shekara guda cif ke nan tsakanin ɗan fari da auta, kusan kowane mako jirgi guda. Sunan ɗan farin ne ya bi dangin duka. Har yau ba a ƙera wani samfurin jirgin dakon jiragen sama da ya kai su yawa ba.

Sai dai kada ka kawo wa ranka ƙattan nan da ake nunowa a talabijin suna ratsa Bahar Maliya. Babban jirgin dako na Amurka a wancan yaƙi, samfurin Essex, tsawonsa ya haura mita 260, yana gudun kilomita 60 a awa, yana ɗauke da jiragen sama wajen 90. Casablanca tsawonsa mita 156, iyakar gudunsa kilomita 35, jiragensa 27 ko 28. Ba shi da sulke. Babbar bindigarsa guda ɗaya tak, mai bakin inci 5, ita ma a can baya aka kafa ta, sauran duk ƙanana ne na kakkaɓo jiragen sama. In Essex tirela ce, wannan dabbab ne, 'yar ƙaramar motar kaya irin wadda ke jira a bakin kasuwar Harajin Sawarik a Jidda. Aikinsa rakiya da dako.

Buƙatarsa daga Tekun Atlantika ta taso. Ingila tsibiri ce, abincinta da manta da makamanta duk ta ruwa suke zuwa. Jiragen kaya kan taso daga Amurka da Kanada a ayari, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus su yi musu kwanton ɓauna, su far musu da dare a garke. Jiragen sama masu tashi daga tudu kan raka ayarin iya inda mai zai kai su, su juya gida. A tsakiyar teku akwai fili mai faɗi da ba mai iya kaiwa, nan ne mayanka. Jirgin ƙarƙashin ruwa na wancan zamani kuwa yawancin rayuwarsa a saman ruwa yake yi, da injin dizal, yana gudun da ya fi na jirgin kaya. Da ya nutse sai batir, gudun ya faɗi ƙasa da rabi, batirin ma ba ya jimawa. Saboda haka ba dole ne jirgin sama ya hallaka shi ba. Ya isa ya hango shi ya tilasta masa nutsewa, kafin ya ɓullo ayari ya yi masa nisa. Abin da ake nema ke nan: ƙaramin filin jirgi da zai yi tafiya tare da ayari.

Turawan Ingila ne suka fara gwadawa. Suka ɗauki wani jirgin kaya na Jamus da suka kama, Hannover, suka aske masa kai, suka shimfiɗa dandamali, suka raɗa masa suna Audacity a 1941. Ko rumfar ajiye jirage ba shi da ita, 'yan jiragensa a waje suke kwana. Bai cika shekara ba aka nutsar da shi a watan Disamba, yana rako ayari daga Jibralta, amma kafin nan ya nuna dabarar tana ci. Amurkawa ma suka riƙa juya gangar jiragen kaya, aka sami samfurin Bogue. Matsalar ita ce ba sa fitowa da yawan da ake so.

Sai ga Henry Kaiser. Shi ba mutumin ruwa ba ne, ɗan kwangilar hanya da siminti ne, yana cikin waɗanda suka gina madatsun ruwa na Hoover da Grand Coulee. Ya riga ya yi suna wajen zubo jiragen kayan nan da ake kira Liberty, har ma'aikatansa sun taɓa haɗa ɗaya, Robert E. Peary, cikin kwana 4 da awa 15 a Nuwamban 1942, ko da yake wannan na nuna bajinta ne. Ya kai wa manyan sojan ruwa tayin zai zubo musu ƙananan jiragen dako kamar yadda yake zubo na kaya. Suka yatsina fuska. Ya zagaye su ya kai maganar gaban shugaban ƙasa, Franklin Roosevelt, shi kuwa ya amince. Kamfanin Gibbs & Cox ya yi zanen, matar shugaban ƙasa Eleanor ta saukar da na farko ruwa ranar 5 ga Afrilu, 1943.

To nan sana'arka ta shigo. Kafin wannan zamani gangar jirgi da ƙusoshin ƙarfe ake haɗa ta: a ɗora bakin faranti kan ɗan'uwansa, a huda, a gasa ƙusa ta yi ja, wani ya cafe, wani ya tokare ta baya, wani ya daka. Mutum huɗu a kan ƙusa ɗaya, kuma sai sun daɗe suna koyo. Mai walda shi kaɗai ne, cikin 'yan makonni ake koya masa ɗinki iri ɗaya ya yi ta maimaitawa, shi ya sa aka ɗebi dubban mutanen da ba su taɓa ganin teku ba, har da mata masu yawa. Kuma ba a kan gangaren saukar da jirgi ake yawancin aikin ba. A rumfuna ake haɗa manyan sassa, a juya su yadda mai walda zai yi aikinsa a kwance. Kai ka fi ni sanin bambancin walda a kwance da walda sama da kai, tartsatsi na zubo maka a wuya. In sashe ya kammala, injin ɗaga kaya ya ɗauke shi ya ɗora a mazauninsa. Gangare 12 ne a wurin, ana aiki dare da rana, rukuni uku suna karɓar juna. Na farko ya ci wata takwas. Na ƙarshe wata uku da 'yan kwanaki, don hannu ya riga ya faɗa.

Kada gyaranku ya ba ka kunya. Sabon aiki kowane ƙarfe an yanka shi daidai tun kafin a taɓa shi. Mai gyara kuwa bai san abin da zai tarar ba sai ya buɗe, ya ɓamɓare faranti ɗaya tsatsa ta nuna masa uku, sannan a zauna jiran kayan gyara daga ƙasar waje.

Waldar ma ta zo da nata ciwon. Tsagewa a jirgi mai ƙusa takan tsaya a bakin faranti, a jirgin walda kuwa gangar duk ta zama abu ɗaya, sai ta zarce. A Janairun 1943 wata sabuwar tankar mai, Schenectady, ta karye gida biyu tana ɗaure a bakin tasha a Portland, ba iska ba igiyar ruwa. Aka yi ta zargin masu walda. Wata masaniyar ƙarafa a Jami'ar Kambirij, Constance Tipper, ta nuna cewa irin ƙarfen da ake amfani da shi ne ke yin gautsi in sanyi ya yi tsanani. A ruwanmu na nan mai ɗumi ba za ka cika gamuwa da wannan ba.

Ni da na yi ƙuruciyata a ɗakin injin jiragen kaya tsakanin Jidda da Bur Sudan, abin da ya fi ɗaukar hankalina injin ne. Jirgin yaƙi na lokacin da injin turbin yake tafiya. Turbin na juyawa da gudun tsiya, farfela kuwa a hankali take so, dole a sa ƙatuwar giya a tsakani. Masana'antun da ke iya yanka haƙoran irin wannan giya kaɗan ne, kuma manyan jiragen yaƙi sun riga sun kama layi. Da an ce sai turbin, da gangar jirage sun yi ta taruwa a kogi ba abin da zai motsa su. Sai aka koma wa tsohon yayi, injin tururi mai fistin, samfurin Skinner Unaflow. Tururi na shiga ta ƙarshen silinda, ya tura fistin, ya fita ta ramukan da ke tsakiya, hanya ɗaya ba ya komawa ta inda ya shigo, don haka mashigar ba ta hucewa, ba a asarar zafi. Yana juya farfela kai tsaye, ba ruwansa da giya. Inji biyu, tukunyar tururi huɗu, ƙarfin doki 9,000 gaba ɗaya. Aibinsa kowane bakanike ya sani: fistin na son mai, man kuma yakan bi tururi ya koma cikin ruwan tukunya, in ba a tace shi da kyau ba bututu ya ƙone. Ga jijjiga. Amma akwai shi a hannu, kuma da babu gara ba daɗi.

Zanen yana da wuraren da ya fi na magabatansa. Farfela biyu gare shi, Bogue ɗaya, don haka ya fi saurin juyawa, kuma kowane inji da ɗakinsa. Daɓen rumfar jirage a miƙe yake, saɓanin na jiragen kayan da aka juya, wanda ke bin lanƙwasar ganga har tura jirgi ya zama wahala. Lif biyu ke hawa da jirage zuwa dandamali, wanda aka shimfiɗe da katako. Sai na'urar cilla jirgi guda ɗaya a gaba, wadda ba don ita ba da aikin bai yiwu ba: dandamali gajere, jirgin ruwan ba gudu balle ya samar da iska, ga jirgin sama samfurin Avenger in an cika shi da bam da mai yana kusan tan 8. Wajen sauka kuma sai matuƙi ya saƙala ƙugiyar wutsiyarsa a ɗaya daga igiyoyin ƙarfen da aka gitta, alhali gajeren jirgin yana ta ɗaga baya yana saukewa.

Kuɗin wannan gaggawa matuƙa ne suka biya. Ranar 24 ga Nuwamba, 1943, kusa da tsibirin Makin, jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan mai lamba I-175 ya harba wa Liscome Bay, ɗaya daga cikin 50 ɗin, tofido guda, wato bam mai tafiya a cikin ruwa. Ya same shi daidai ma'ajiyar bama-bamai, wadda ba wata kariyar kirki tsakaninta da teku. Cikin minti 23 ya nutse da mutum fiye da 600, wata uku da 'yan kwanaki da fara aikinsa. Cikin mamatan akwai Doris Miller, baƙar fata ɗan Texas, ma'aikacin kicin da ya kama bindiga ranar harin Pearl Harbor aka ba shi lambar yabo ta Navy Cross. A 2020 Amurka ta sanar za ta sa sunansa a ɗaya daga manyan jiragen dakonta masu nukiliya. Matuƙa sun riƙa kiran waɗannan jirage makarar Kaiser, kuma ba zan ce sun yi masa ƙazafi ba. In ka tambaye ni ko jirgi ne mai kyau, a'a. In ka ce ko ya kamata a ƙera shi, i, domin wanda ya fi shi kyau ba zai iso a kan lokaci ba. Sai dai masu yanke irin wannan shawara ba su ne ke kwana a saman ma'ajiyar bam ba.

Wani abin kuma, ko su ɗin sun ɗan makara ga aikin da aka yi su dominsa. A watan Mayun 1943 kaɗai Jamus ta yi asarar jiragen ƙarƙashin ruwa 41, ta janye daga arewacin Atlantika, tun Casablanca bai fara aiki ba. Jiragen Bogue, da jiragen sama masu dogon zango, da na'urar hango jirage ta rada, da karanta saƙonnin sirrin Jamus, su suka yi wannan. Sai aka tura mafi yawansu Tekun Pasifik: kai sababbin jiragen sama fagen daga, cike wa manyan jirage gurbin waɗanda aka harbo, da rufa wa sojan ƙasa baya wajen sauka a Saipan, Leyte, Iwo Jima da Okinawa. Cikin 'yan kaɗan da suka zauna a Atlantika akwai Guadalcanal na Kyaftin Daniel Gallery, wanda ayarinsa ya kama jirgin Jamus U-505 da ransa ranar 4 ga Yuni, 1944, a gaɓar Afirka ta Yamma daura da Sahara, da na'urar saƙon sirrinsa da littattafanta, aka ja shi har Bermuda.

TAMBAYA: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na karanta cewa irin waɗannan ƙananan jirage sun kori Yamato, jirgin yaƙi mafi girma a duniya. Hankalina bai ɗauka ba. Yaya mara sulke zai kori mai sulke?
Daga ɗalibi a Jami'ar Musulunci, Madina.

AMSA: Amin, ɗana, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Abin ya faru, amma kalmar kora ta yi masa yawa. Gudu suka yi, Allah ya sa mai bin su ya juya.

Ranar 25 ga Oktoba, 1944, ne, a gabashin tsibirin Samar na Filifin. Sojan Amurka sun sauka a Leyte, ayari uku na jiragen rakiya suna taimaka musu ta sama. Admiral Halsey, wanda manyan jiragensa ya kamata su tsare mashigin San Bernardino, ya bi wani ayarin Japan da aka turo don a yaudare shi, ya yi arewa ya bar ƙofa a buɗe. Cikin dare Admiral Kurita ya ratso da manyan jirage masu sulke 4, kuruza (matsakaitan jiragen yaƙi) manya 6 da ƙanana 2, da distiroya (ƙananan jiragen yaƙi masu gudu) 11. Gari na wayewa ya ci karo da ayarin da ya fi kusa, Taffy 3 na Admiral Clifton Sprague: Casablanca 6, distiroya 3, da wasu 4 da ba su kai distiroya ba. Yamato shi kaɗai ya kusa nauyin ayarin duka, harsashinsa guda kusan tan ɗaya da rabi.

Wajen ƙarfe 7 na safe aka buɗe wuta. Jafanawa kan sa rini a harsashi don kowane jirgi ya gane inda nasa ya faɗa, sai ga ruwa na tashi ja da kore da rawaya kewaye da su. Sprague ya juya gabas ya fuskanci iska, ya tashi duk jirgin saman da ke iya tashi da duk abin da ke jikinsa, ya sa a turnuƙe teku da hayaƙi, ya shige cikin wani hadari da ya taso, sannan ya karkata kudu. Jiragen saman an shirya su ne don sojan ƙasa da jiragen ƙarƙashin ruwa, ba don sulke ba. Waɗanda harsashinsu ya ƙare suka ci gaba da kai bara hannu wofi, don dai jirgin Japan ya kauce ya ɓata lokaci. Ƙananan masu rakiya kuwa suka juya suka tunkari ƙattan da tofido. Johnston na Kwamanda Ernest Evans ne ya fara, ba tare da jiran umarni ba. Shi da Hoel da Samuel B. Roberts ba su dawo ba. Kauce wa tofido ya sa Yamato ya juya baya na ɗan lokaci, Kurita ya daina ganin fagen da kyau.

Rashin sulken ma ya yi rana ta wata fuska. Kurita ya ɗauka manyan jiragen Halsey ya tarar, aka loda harsashi mai huda sulke, wanda sai ya daki ƙarfe mai kauri yake fashewa. Da yawa suka shiga ta wannan gefe suka fita ta wancan. Cikin Casablanca 6 ɗin, Kalinin Bay ya sha harsashi fiye da goma yana tafiya. Gambier Bay ne bai yi sa'a ba: ruwa ya cika ɗakin injinsa ɗaya, gudunsa ya faɗi, aka cim masa aka nutsar da shi. Shi kaɗai ne jirgin dakon Amurka da bindigar jirgin ruwa ta nutsar a yaƙin. Ni in na karanta labarin nan hankalina kan mutanen ɗakin inji yake tafiya. Sama da awa biyu sun buɗe wa fistin tururi har ƙarshe, a ƙasan ruwa, ba sa ganin komai, sai dai su ji ganga na amsawa.

Bayan ƙarfe 9 kaɗan Kurita ya ba da umarnin a janye a sake haɗuwa, daga nan bai dawo ba. Ka dubi halin da yake ciki. Kwana biyu kafin nan an nutsar da jirgin da yake ciki, Atago, sai da aka tsamo shi daga ruwa. Washegari aka nutsar da Musashi, ɗan'uwan Yamato. Ga jiragen sama daga ayarin uku suna ta sauko masa, kuruzansa uku, Chokai da Chikuma da Suzuya, sun tafi ko suna kan tafiya. Ya yi zaton babbar rundunar na dab da shi.

Murna ba ta daɗe ba. Kafin ƙarfe 11 'yan ƙunar baƙin waken sama, kamikaze, suka iso, ɗaya ya faɗa kan St. Lo, shi ma ɗaya daga Casablanca 6 ɗin, wuta ta kai ga bama-bamai da tofido, ya nutse. Amurka ta rasa mutum fiye da 1,000 a ranar, wasunsu a ruwa suka mutu cikin kwana biyun da aka yi kafin a zo ceto.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Mahaifina ya zo ƙasar nan a ƙasa ta Sudan, ya yi dako a tashar Jidda. Yakan ba mu labarin ranar da Sarki Abdul'aziz ya shiga jirgin yaƙin Amurka har da tumaki. Jikokina sun ce ai mai dakon jiragen sama ne. Haka ne?
Daga 'yar'uwarka, Shari' Mansur, Makka.

AMSA: Hajiya, ina amsawa, Allah ya jiƙan Baba ya sa Aljanna makoma. Labarinsa daidai ne, jikoki ne suka ƙara wa jirgin girma. Distiroya ne mai suna Murphy, tsawonsa bai fi mita 106 ba. Ya tashi daga Jidda ranar 12 ga Fabrairu, 1945. Lokacin babu gadar da babban jirgi zai jingina, a waje yake tsayawa a yi jigila da ƙananan jiragen sambuk, don haka 'yan dako irin Baba sun ga komai da idonsu. An kafa wa Sarki tanti a gaban jirgin aka shimfiɗa dardumai, aka shiga da tumaki don yanka, mai duba hanya kuma yana nuna alƙibla in lokacin salla ya yi. Ranar 14 ga wata suka sadu da Roosevelt a cikin kuruza mai suna Quincy, a Babban Tafki Mai Ɗaci da ke tsakiyar mashigin Suwez, yana dawowa daga taron Yalta. Shi ne dai Roosevelt ɗin da ya amince wa Kaiser. Ya ba Sarki kyautar keken guragu irin nasa, daga baya ya aiko da jirgin sama samfurin DC-3. Mako guda bayan ganawar, 21 ga Fabrairu, kamikaze suka nutsar da Bismarck Sea, ɗaya daga jiragen Kaiser ɗin, a Iwo Jima da mutum 318. Shi ne na biyar kuma na ƙarshe da aka rasa cikin 50 ɗin, bayan Ommaney Bay a watan Janairu.

Jiragen rakiya da suka saba da ruwanmu na Ingila ne, waɗanda Amurka ta ƙera ta ba ta aro. Da yawansu sun bi ta Suwez zuwa Silon, wato Siri Lanka ta yau, wasu da sunaye irin su Khedive da Ameer.

Tun da Baba ta Sudan ya biyo, ga abu biyu da jikoki za su so. A Afrilun 1941 distiroyoyin Italiya suka taso daga Masawwa za su kai wa Bur Sudan hari. Jiragen sama samfurin Swordfish na jirgin dakon Ingila Eagle, waɗanda aka sauke a tudu a Bur Sudan, suka tare su suka nutsar da biyu. Wasu biyu, Pantera da Tigre, suka tsallako gaɓarmu kudu da Jidda, matuƙansu suka nutsar da su da hannunsu suka fito tudu. Na biyu, tun 1940 jiragen dako irin su Argus da Furious ke kai jiragen yaƙi Takoradi a Gana ta yau. Daga can su tashi su bi Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ta zama Njamena, Junaina, Fashir, Hartum, har Alƙahira. Dubban jirage sun bi wannan layi. Hajiya, in kin cire Takoradi da Legas da Alƙahira, ai hanyar da iyayenmu suka taka ce, su a shekaru, jiragen a cikin mako guda.

TAMBAYA: Alhaji, ɗana yana karatu a Amurka, ina shirin kai masa ziyara. Akwai inda zan ga ɗaya daga cikin jiragen Casablanca ɗin nan?
Daga tsohon direba, Riyad.

AMSA: Alhaji, babu ko ɗaya. Da yaƙi ya ƙare aka jera gadaje a rumfunansu suka yi jigilar sojoji gida, daga nan aka ɗaure yawancinsu. Jiragen sama masu injin jet sun yi musu nauyi da gudu. Casablanca kansa tun 1947 aka sayar da shi ga 'yan gwangwan. Kaɗan sun yi dakon jirage a yaƙin Koriya, Thetis Bay kuma aka mai da shi mai ɗaukar helikwafta a 1956. Yawancin sauran an yanka su wajen 1959 da 1960, wasu a Japan ɗin da aka ƙera su don yaƙarta. Jiragen da asalinsu gangar kaya ce sun fi su tsawon rai, don an iya mai da su fatauci: Attacker na Ingila ya zama jirgin fasinja Fairsky, ya yi shekaru yana kai masu ƙaura Ostareliya. St. Lo an gano shi a 2019 a zurfin da ya haura mita 4,700, can kuwa ba wurin ziyara ba ne.

Abu biyu za ka iya gani, kuma ba su da nisa da juna. U-505 da Guadalcanal ya kamo yana gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Shikago tun 1954, ana shiga cikinsa. In kuma injin kake so, akwai jirgin fito mai suna Badger da ke ratsa Tafkin Michigan tsakanin Ludington da Manitowoc, tafiyar awa huɗu, da injin Skinner Unaflow da kwal. Ba ya aiki da hunturu, sai ka sa yaron ya duba maka lokacinsa kafin ka yanki tikiti.